Ragon Jajibere a Teku: Rangwamen Ƙurarren Lokaci da Kuɗin Zaɓi a Jiragen Ruwan Shaƙatawa

Duk wanda ya taɓa jinkirta sayen ragon layya har ranar jajibere ya san irin lissafin da zan yi magana a kai. Mai dabbobi ya gaji da zaman kara, kuɗin dusa da harawa sai cin aljihunsa suke yi, kuma ba ya son ya sake loda raguna a mota ya koma da su ƙauye. Wata shekarar sai ka samu rago da rabin abin da maƙwabcinka ya biya mako biyu baya. Wata shekarar kuwa ka tarar turaku sun yi fayau, 'yan tsirarun da suka rage sun yi tsada, kuma babu na kirki a cikinsu. Irin wannan cinikin ake yi kullum a kasuwar jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, waɗannan manyan jirage masu kama da unguwa guda, da ke ɗaga daga Miyami ko Basalona ko Southampton ta Ingila ko Dubai su yi mako ɗaya ko biyu suna zagaya tashoshi. Sai dai mai rago yana da mafita, don zai iya mayar da dabbarsa gida ya kiwata zuwa baɗi. Kamfanin jirgi ba shi da wannan. Ɗakin da jirgi ya ɗaga babu kowa a cikinsa, kuɗinsa na wannan makon ya tafi ke nan.

A dubi Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finlan, ya fara jigila daga Miyami a Janairun 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, ɗakunan fasinja sun haura 2,800, yana iya ɗaukar baƙi har 7,600, ma'aikatansa kuma kusan 2,350 ne. Ko jirgin ya cika ko bai cika ba, man da zai sha ɗaya ne, albashin ma'aikata ɗaya ne, bashin da aka ci aka ƙera shi kuma ba ya jira. Ƙarin mutum biyu a ɗaki ba ya ƙara wa kamfani komai in ban da ɗan abinci da wankin zanen gado. Su kuwa waɗannan mutum biyun, da zarar sun shiga sai su fara kashe kuɗi: intanet, abin sha, gidajen abinci na musamman, hotuna, tausa, kantuna, yawon gari a kowace tasha, ga gidan caca ga masu yi. A manyan kamfanonin nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu daga irin wannan kashe-kashen cikin jirgi yake fitowa. Ashe ɗakin da ya tafi fanko asara biyu ce. Wannan ne ya sa burinsu kullum jirgi ya tashi a cike maƙil, har za ka ga a rahotanninsu na shekara suna cewa cikar jirage ta wuce kashi 100 cikin 100, domin suna ƙirga kowane ɗaki da mutum biyu, sai yaran da suka kwana a gado na uku da na huɗu su zama ƙari.

To yaushe rangwamen ke fitowa? Yawancin masu tafiya suna kama ɗaki tun saura shekara guda ko fiye, su ba da kafin alƙalami. Akwai ranar da dole a cika ragowar kuɗi, yawanci saura kwana 75 zuwa 120 a tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Kafin wannan rana kamfani bai san gaskiyar inda yake ba, domin wasu sun kama ɗaki ne kawai suna jiran su ga yadda hali zai yi. Da ranar ta wuce, waɗanda suka fasa sun fasa, sai lissafi ya fito fili. In saura ɗakuna ɗari biyu kuma mako takwas ya rage, farashi zai sauka. In ɗakuna goma suka rage, hawa zai yi. Mai jiran araha caca yake yi a kan wannan lissafi, kuma littafin lissafin yana hannun kamfani.

Shekaru da dama wannan jiran yana biyan masu yinsa, har kamfanoni suka ga da hannunsu suka koya wa mutane ƙin saye da wuri. A 2015 Richard Fain, shugaban Royal Caribbean na lokacin, ya sanar da cewa kamfaninsa zai daina karya farashi a kwanakin ƙarshe kafin tashi a kasuwar Amurka da Kanada, kwana goma zuwa talatin gwargwadon tafiyar, ko da hakan zai sa wasu ɗakuna su tafi babu kowa. Dalilinsa a bayyane yake. Mutumin da ya biya tun bara, ya zauna cin abinci da wanda ya biya rabin kuɗinsa makon jiya, ba zai sake biya da wuri ba. Bayan annobar korona kuma kasuwar ta cika ta tumbatsa. Ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin jiragen, CLIA, ta nuna fasinja miliyan 29.7 a 2019, miliyan 31.7 a 2023, sannan miliyan 34.6 a 2024. Inda masu saye suka yi yawa haka, mai kaya ba ya rawar jiki. Araha ta ƙurarren lokaci tana nan, amma ta koma lungu-lungu. Ana samunta a Karebiyan cikin Satumba da Oktoba, tsakiyar lokacin guguwar teku da ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Ana samunta a farkon Disamba kafin hutun Kirsimeti, da makonnin Janairu bayan yara sun koma makaranta, da tsofaffin jirage waɗanda ba su da kayan wasan da sababbi ke taƙama da su. Ana kuma samunta a tafiyar sauya sheƙa, wato lokacin da jirgi zai tsallaka tekun Atlantika daga Amurka zuwa Turai wajen Afrilu, ko ya koma wajen Nuwamba, ya yi kusan mako biyu yawancinsa a tsakiyar ruwa, kuma ya sauke ka a wata nahiya dabam da wadda ka hau.

Dabarar da ta fi zama daram ita ce raba farashi gida-gida, kuma a nan ne ainihin maganar take. Kamfanin P&O Cruises na Birtaniya, wanda ke ƙarƙashin babban kamfanin jirage na Carnival, misali ne mai kyau, domin ya daɗe yana sayar da tafiya ɗaya da suna uku. Akwai Select, mafi tsada. Mai wannan tikitin shi ke nuna lambar ɗakin da yake so a taswirar jirgi, shi ake fara saurara wajen rabon lokacin cin abincin dare da girman teburi, ana ba shi zaɓi tsakanin kuɗin kashewa a cikin jirgi ko wurin ajiye mota a Southampton ko bas da za ta kai shi ta dawo da shi, kuma motar da kamfani ke tanada daga bakin tasha zuwa cikin gari kyauta ce a gare shi. Akwai Early Saver a tsakiya. Sai Saver, wanda yawanci yake fitowa in tafiya ta matso: a biya kuɗi duka nan take, kamfani ya ba ka ɗakin da ya ga dama a cikin ajin da ka saya, a sa ka a teburin da ya rage, kuma in ka fasa ko sisi ba za a mayar maka ba. Kamfanin MSC ma yana da irin wannan tsari da sunayen Bella da Fantastica da Aurea, kamfanonin Amurka kuma suna sayar da abin da suke kira ɗakin garanti, wato an lamunce maka aji amma ba a faɗa maka lamba ba sai tafiya ta kusa. Da wannan dabara kamfani ya huta da ƙorafin wanda ya biya da wuri, don zai iya ce masa kayan da ya saya dabam ne da na mai araha. Kuma gaskiya ne. Abinci ɗaya ne, wasannin dare ɗaya ne, tashoshi ɗaya ne, amma an cire wa mai araha ikon cewa ga abin da nake so.

Tambayar da ta rage ita ce, wannan ikon nawa ya kamata a saye shi? Ni a ganina amsar tana wajen ɗaki kafin komai, kuma nan ne sababbin matafiya suka fi raina lamarin.

A takarda ɗakunan jirgi aji huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, da babban ɗaki mai falo. Amma ɗakuna biyu masu aji ɗaya, faɗi ɗaya, gado ɗaya, suna iya bambanta kamar gidan da ke bakin tasha da wanda ke cikin lungu. Jirgi a kan igiyar ruwa kamar sikeli yake, tsakiyarsa ba ta cika motsi ba, goshi da wutsiya ne ke sama da ƙasa, kuma duk hawan da ka ƙara sama lilon yana ƙaruwa. Mutumin da ko a mota yake jin jiri da tashin zuciya, in aka jefa shi ɗakin goshi a hawa na sha biyar, jirgi kuma ya shiga mashigin Biskay da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, wanda duk jirgin da ya bar Ingila zuwa kudu sai ya ratsa shi kuma an san shi da tashin ruwa, to kwana biyu na hutunsa a kwance zai yi su. Akwai ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninƙaya, inda ma'aikata ke jan kujeru tun da asuba. Akwai wanda ke saman zauren wasanni ko gidan rawa, kiɗa na ratsa ƙasa har bayan sha biyun dare. Akwai na kusa da kicin, da na gefen lif inda mutane ke hira dare da rana, da na ƙasan goshi inda ƙarar sarƙar anka da injinan juya jirgi ke tayar da mutum duk safiyar da aka isa tasha. Akwai baranda da ka biya don ka ga teku sai ka tarar kwale-kwalen ceto ya tokare maka gani. Akwai ɗaki mai ƙofar haɗi da na maƙwabta, alheri ga iyali, amma ga baƙo ƙofa ce da duk maganar da aka yi a wancan gefen take shigowa.

Waɗannan ɗakuna ba ɓoyayyu ba ne. Taswirar kowane jirgi tana shafin kamfani, kuma tsofaffin matafiya sun haddace ta. Su ne suke kama na tsakiya, wanda ɗakunan kwana ne a samansa da ƙasansa, tun shekara guda kafin tafiya. Don haka abin da ya rage a rabawa masu araha galibi shi ne abin da masu zaɓi suka gani suka tsallake. Ba kullum ba. Wani lokacin ajin da ka saya ya ƙare sai a ɗaga ka zuwa na sama ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma irin wannan labari ne ke yawo a baki har mutane su ɗauka haka abin yake koyaushe. Amma wanda aka ɗaga shi ke ba da labari da murna, wanda aka ajiye a ƙarƙashin kicin sau da yawa shiru yake yi. Kuma abin da kamfani ke kira ɗagawa aji yake nufi, bai shafi wuri ba. Ana iya ɗauke ka daga ɗakin ciki mai tsit a tsakiyar jirgi a kai ka mai taga a can goshi, a ce an yi maka alheri, kuma a yawancin sharuɗɗan ba ka da ikon cewa a mayar da kai.

Ga iyali kuwa maganar ta wuce ta jin daɗi. Magidancin da zai tafi da matarsa da 'ya'ya huɗu ɗaki biyu yake buƙata ko fiye, ɗakunan da ke ɗaukar mutum huɗu kuma su ne ke fara ƙarewa, musamman lokacin hutun makaranta. In ya sayi ɗakuna biyu na garanti, babu wanda ya yi masa alkawarin za su haɗu a hawa ɗaya, balle su yi maƙwabtaka. A jirgi mai tsawon mita ɗari uku da wani abu, a ce 'yan mata suna hawa na tara a wutsiya, iyaye suna hawa na sha biyu a goshi, wane uba ne zai runtsa? Haka wanda zai tafi da Hajiya tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko mai amfani da keken guragu. Ɗakunan da aka gina da faffaɗar ƙofa da banɗaki marar dandamali 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, ana kama su da wuri, kuma babu rangwamen da zai samar da su in sun ƙare. Ga irin waɗannan mutane, kuɗin zaɓi wani ɓangare ne na kuɗin tafiyar kanta.

Batun teburi bai kai na ɗaki nauyi ba, kuma yana raguwa. A jiragen da ke bin tsohuwar al'ada ana cin abincin dare zama biyu, na farko wajen shida da rabi, na biyu wajen takwas da rabi, a teburi ɗaya da mutane ɗaya har tafiya ta ƙare. Mai ƙananan yara ko mai ciwon suga da aka sa a zama na biyu zai ji a jikinsa. Amma sababbin jirage irin su Iona na P&O sun bar wannan tsari, kowa na zuwa lokacin da ya so, kuma a kowane jirgi akwai zauren ɗebi-da-kanka da ke buɗe kusan yini duka. Wanda zai ƙara kuɗi masu yawa don teburi kawai, a irin waɗannan jirage, ya biya abin da babu shi. Abin da ya fi shafar Musulmi shi ne irin abincin. Kamfanoni da dama suna neman a sanar da su buƙatar abinci na musamman tun saura makonni shida ko fiye, domin kayan abinci ana yin odarsu ne tun kafin jirgi ya iso tasha. Wanda ya sayi tikiti saura kwana goma, in jirgin ba mai ajiye naman halal ba ne, sai ya shirya wa kifi da ganye da shinkafa. Ana iya rayuwa a haka mako guda lafiya lau, amma gara mutum ya sani kafin ya biya.

Akwai kuma abin da kuɗin zaɓi ba ya saye, kuma ya kamata a faɗa don kada a yaudari kowa. Ba ya sayen tabbacin tashoshi. Yarjejeniyar da kowane fasinja ke amincewa da ita ta ba kamfani ikon sauya hanya saboda iska ko rikici ko dokar wata ƙasa. Tun Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Benis, sai suka koma sauka a tashoshin Marghera ko Ravenna ko Trieste. Daga ƙarshen 2023, hare-haren da ake kai wa jirage a Bahar Maliya sun sa kamfanoni soke tafiye-tafiye da dama ko zagayawa ta kudancin Afirka. A irin wannan yanayi mai Select da mai Saver jirgi ɗaya ya ɗauko su.

Yanzu a zo ga lissafin aljihu, domin lambar da ke jikin talla ba ita ce kuɗin tafiya ba. A ce, don misali kawai, tafiyar mako guda tana fam 900 ga mai zaɓi, ta sauko fam 650 ga mai jiran ƙarshe. Ragin fam 250 ne a ido. In tikitin mai tsada ya zo da fam 80 na kashewa a jirgi, ko wurin ajiye mota na mako guda, ga kuma motar shiga gari a tashoshi huɗu, tazarar ta riga ta tsuke tun ba a je ko'ina ba. A jiragen Amurka akwai tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kullum, kimanin dala 16 zuwa 20, kuma ba ya sauka don tikiti ya sauka. P&O ta shigar da nata cikin farashi tun 2019. Harajin tashoshi ma ba ya sauka. Mai tafiya shi kaɗai kuma yawanci ana cajinsa kusan kuɗin mutum biyu, tunda ya tare ɗakin mutum biyu. Sannan ga sharaɗin rashin mayar da kuɗi. Rashin lafiya, rasuwa a dangi, hana hutu a wurin aiki, duk ba ruwan kamfani. Inshorar tafiya tana rufe wasu daga ciki, amma ita ma kuɗi ce, kuma ba ta biyan wanda ya fasa don ra'ayinsa ya sauya.

Babban abin da ke cinye rangwamen shi ne tikitin jirgin sama, domin kasuwannin biyu a saɓe suke tafiya. Ɗakin jirgin ruwa yana iya sauka in tafiya ta matso, kujerar jirgin sama kuwa hawa take yi. Mutumin da ke zaune a Fulorida zai iya ganin talla ranar Talata, ya tuƙa motarsa zuwa tashar Miyami ranar Asabar. Ɗan fansho a kudancin Ingila haka, Southampton tafiyar awa ɗaya ce ko biyu. Domin su aka yi wannan araha. Wanda kuwa zai taso daga Kano ko Abuja ko Yamai, ya yada zango a Istanbul ko Alƙahira ko Adis Ababa kafin ya isa Basalona, abin da ya rage a ɗaki zai iya biyan ninkinsa a sama. Kuma dole ya isa garin kwana guda kafin tashi, ya biya otal, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirginsa na sama ya makara.

Sai biza, wadda ita ce ke yanke hukunci ga mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Ghana. Dokar bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ta ba ofishin jakadanci kwana 15 ya yanke shawara, ana iya tsawaitawa zuwa kwana 45, kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, kuma wannan lissafin bai haɗa da jiran ranar da za a karɓi takardunka ba, wadda ita kanta takan ɗauki makonni a lokacin cunkoso. Tafiyar Bahar Rum da ta taɓa Tunisiya ko Turkiyya ta komo Italiya tana buƙatar biza mai shiga sau da yawa, domin ka fita yankin ka dawo. Jirgin da ya tashi daga Southampton zuwa tsaunukan gaɓar Nowe yana buƙatar biza biyu, ta Birtaniya da ta Shengen. Na Miyami da ke zagaya tsibiran Karebiyan ya komo yana buƙatar izinin sake shiga Amurka, alhali a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ga 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, daga baya ma ta ƙara tsaurara dokokin. Kamfanonin jirage ba sa wasa da wannan. In takardunka ba su cika ba a bakin tasha, ba za ka hau ba, kuma ba za a mayar maka da kuɗi ba. Ka haɗa wannan da tikitin da ake biya duka nan take ba fasawa, sai ka ga haɗarin ya ninka: ka biya kuɗin da ba ya dawowa a kan takardar da ba a hannunka hukuncinta yake ba. Ba na ganin akwai ragin da ya kai a ɗauki wannan kasada. Ɗan'uwanmu da ke zaune a Landan ko Hamburg da takardun zama, ko ɗan kasuwar da bizarsa mai shekaru ke manne a fasfo, shi lamarinsa dabam ne, zai iya shiga layin masu jira kamar kowa.

Akwai tashoshin da suka fi kusa da mu, kuma lissafin can ya ɗan fi sauƙi. MSC na jigila daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, tafiye-tafiye gajeru na kwana uku ko huɗu. A Disamban 2024 kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda, da jirgin da babu giya babu caca a cikinsa, abincinsa halal, da wuraren salla. Ga magidancin da zai tafi da iyali wannan ya kawar da damuwa da yawa tun daga tushe. Amma ko can biza da tikitin sama suna nan, kuma taswirar jirgi ba ta sauya ba: goshi goshi ne, ƙarƙashin wurin ninƙaya kuma ƙara ce.

Da za a tambaye ni, zan raba abin da ake saye gida biyu. Ajin ɗaki, wato baranda ko taga ko falo, abin marmari ne, mutum na iya haƙura da shi in aljihu bai kai ba. Ɗakin ciki a tsakiyar jirgi, mai ɗakunan kwana sama da ƙasa, ya fi baranda a mugun wuri daɗin barci, kuma sau da yawa ya fi ta araha. Wurin ɗaki da ranar tafiya da damar fasawa kuwa, su ne abin da ya cancanci a ƙara wa kuɗi. Mutane da yawa suna juya wannan: su sayi baranda ta garanti don sunan baranda, su bar ɗakin cikin da za su iya nuna lambarsa da kuɗi ɗaya.

Akwai hanyar tsakiya da tsofaffin matafiya ke bi, kuma ita ta fi dacewa da mai zuwa daga nesa. A kama ɗaki da wuri, musamman tsakanin Janairu da Maris lokacin da kamfanoni ke gasar talla, a zaɓi tikitin da kafin alƙalaminsa ke dawowa in an fasa, a nemi biza da takardar shaidar kama ɗakin tun da aka buɗe ƙofa, wato saura wata shida ga Shengen. Sannan a riƙa leƙa farashi. A kasuwar Amurka, in farashi ya sauka kafin ranar cika kuɗi, kamfanoni da dama suna yarda su daidaita maka in ka nema, kai ko dillalinka, amma ba za su kira ka su faɗa maka ba. A kasuwar Birtaniya da Turai sharuɗɗan sun fi tsauri, don haka a karanta su kafin a biya. In tafiya ta matso kuma ɗakunan sama ba su ƙare ba, wasu kamfanoni suna aiko da saƙon gwanjo, irin RoyalUp na Royal Caribbean, ka taya ɗaki mafi girma da abin da za ka iya. In an sallama maka, to, sai dai a nan ma kamfani ne zai zaɓi lambar sabon ɗakin. Wanda ya sha wahalar nemo ɗaki mai tsit kusa da na 'ya'yansa ya duba taswira da kyau kafin ya taya, domin da an karɓi tayinsa tsohon ɗakin ya zama na wani.